Dokar duba iskar taya a garejin Kalifoniya: da gaske tana rage hayaƙi?

"Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Kalifoniya. Kwanan nan na kai motata gareji a yi mata juyen baƙin mai, da aka ba ni rasit sai na ga an rubuta adadin iskar kowace taya, gaba da baya, alhali ban ce a taɓa mini taya ba. Na tambayi bakaniken, ya ce doka ce, wai gwamnati ta tilasta musu don a rage hayaƙin da ke ɗumama duniya. Ni dai abin ya ɗaure mini kai. Mene ne haɗin iskar taya da abin da ke fita ta salansa? Kuma motata tana da fitilar da ke kamawa idan iska ta ragu, to me ya rage wa bakanike? Ko dai wata hanya ce ta ƙara wa mutane kuɗi?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Idan na fahimce ka, abu uku kake son sani: ko akwai wannan doka da gaske, ko iskar taya tana da abin da za ta iya yi wa hayaƙi, sannan ko dokar tana da sauran amfani ga wanda motarsa ta zo da fitilar gargaɗi. Bakaniken bai yi maka ƙarya ba. Dokar tana nan, kuma a ganina tana cikin 'yan dokokin muhalli da mai mota ke cin ribarsu kai tsaye. Sai dai ƙarfinta bai kai yadda masu yabonta ke faɗa ba, rauninta kuma ba a inda masu sukarta ke nunawa yake ba. Na daɗe a harkar mota, tun daga kwanciya a ƙarƙashinta har zuwa lura da motocin aiki masu yawa a lokaci guda, don haka zan haɗa maka abin da ke rubuce da abin da ake gani a bakin aiki.

Inda dokar ta samo asali

A shekarar 2006 Gwamna Arnold Schwarzenegger ya sa hannu a kan dokar da aka fi sani da AB 32, wadda ta ɗora wa jihar Kalifoniya ta Amurka nauyin rage iskar da ke ɗumama duniya, ta yadda zuwa 2020 abin da jihar ke fitarwa zai koma daidai da na 1990. Hukumar kula da ingancin iska ta jihar, wadda ake kira CARB a taƙaice, ita aka damƙa wa aikin. Manyan matakai irin su sauya injinan motoci da tashoshin lantarki suna cin shekaru, saboda haka aka ce hukumar ta fara zaƙulo abubuwan da za a iya aiwatarwa nan kusa, ba sai an jira sabuwar fasaha ba. Duba iskar taya yana cikin waɗanda aka zaɓa. Hukumar ta amince da ƙa'idar a watan Maris na 2009, ta fara aiki ranar 1 ga Satumba, 2010.

Abin da ta ƙunsa ba shi da tsawo. Duk garejin da ya karɓi mota don gyara ko sabis, juye ne ko birki ko gwajin hayaƙi, wajibi ne ya auna tayoyinta, ya cika su zuwa adadin da aka tsara wa motar, sannan ya rubuta a rasit cewa ya yi, tare da adadin da ya bar tayoyin a kai. Gejin da zai yi awon kada kuskurensa ya wuce PSI 2 sama ko ƙasa. PSI kuwa shi ne ma'aunin matsin iska da ake aiki da shi a Amurka. Dole garejin ya mallaki littafi ko manhajar da ke nuna iskar kowace irin mota, wadda ba ta tsufa fiye da shekara uku ba, kuma ya adana kwafin rasit har shekara uku saboda ranar da jami'ai za su nema. Motocin da abin ya shafa su ne waɗanda nauyinsu haɗe da kayansu bai wuce fam 10,000 ba, kimanin kilo 4,500 ke nan, wato ƙananan motoci da jif-jif da a-kori-kura. Masu wankin mota, da masu fenti da gyaran jiki, da masu sa gilashi, dokar ba ta hau kansu ba. Hukumar ta ƙiyasta cewa wuraren gyara kusan 40,000 ne za su bi ta.

Kai ma mai mota an bar maka ƙofa. Kana iya cewa kada a taɓa, muddin ka tabbatar musu an duba tayoyin cikin kwana 30 da suka wuce, ko za ka duba cikin kwana 7 masu zuwa. Bakanike shi ma yana iya ƙin hura tayar da ya ga ta lalace har ta zama haɗari. Ko wanne ne ya faru, sai an rubuta dalilin a rasit.

Ba kai ne farkon wanda batun ya ba mamaki ba. A yaƙin neman zaɓen 2008, lokacin da fetur ya yi tsada a Amurka, Barack Obama ya ce cika iskar taya da yi wa mota sabis za su rage man da ƙasar ke sha. 'Yan adawa suka mayar da maganar abin dariya, har kwamitin kamfen ɗin John McCain ya riƙa raba gejin taya yana cewa wai shi ne shirin makamashin Obama. Ko a lokacin, masu harkar mota sun san maganar tana da tushe, illa dai 'yan siyasa na kowane ɓangare sun ja ta inda ya yi musu daɗi.

Haɗin taya da salansa

Da farko a raba hayaƙi gida biyu, domin a nan ruɗanin yake farawa. Akwai gubar da ke cutar da huhu, irin wadda matatar hayaƙi da ke cikin salansa take ragewa, kuma ita ake nema a gwajin hayaƙin da jihar ke yi wa yawancin motoci duk bayan shekara biyu. Akwai kuma iskar kabon mai ɗumama duniya, wadda ba ta da launi ba ta da wari, kuma inji mafi lafiya ma sai ya fitar da ita, don ita ce abin da fetur ke zama idan ya ƙone sosai. Kowace galan ɗaya ta fetur tana ba da kusan kilo 8.9 na wannan iska, lita ɗaya kuma kusan kilo 2.3. Babu wata matata a jikin mota da ke tare ta. Hanyar rage ta guda ɗaya ce, a ƙona mai kaɗan. Saboda haka duk abin da zai sa inji ya ƙara wahala a kan tafiya iri ɗaya, ya ƙara wannan iska ke nan.

Taya kuwa tana cikin masu wahalar da inji. Mutane suna ɗauka cikakkiyar da'ira ce da ke mirginawa a banza. A gaskiya wurin da ta taɓa kwalta yakan baje saboda nauyin mota, kuma a kowane juyi sai kowane yanki na robar ya lanƙwashe ya sake miƙewa. Roba ba ta mayar da duk ƙarfin da aka sa wajen lanƙwasa ta, wani kaso yakan zama zafi ya bi iska. Shi ya sa idan ka taɓa taya bayan doguwar tafiya za ka ji ta da ɗumi ko da sanyi ake yi. Wannan ɗumin daga tankinka ya fito. Idan iska ta ragu, wurin da ya baje sai ya ƙara faɗi, gefen tayar ya ƙara lanƙwasa, zafin ya ƙaru, injin ya nemi ƙarin mai. Duk wanda ya taɓa tuƙa keke da taya mai laushi ya san haka a cinyarsa. Bambancin kawai shi ne a mota inji ne ke shan wahalar, shi kuwa ba ya kuka, sai dai ya ja mai.

Masu bincike sun auna abin. Wani rahoto da hukumar binciken sufuri ta Amurka ta fitar a 2006 ya nuna cewa idan aka rage wannan turjiyar mirginawa da kashi 10 cikin 100, shan mai yakan ragu da kashi 1 zuwa 2. Ma'aikatar makamashi ta Amurka kuma tana cewa duk PSI ɗaya da ya ragu a matsakaicin iskar tayoyi huɗu yana rage nisan da mai zai kai ka da kimanin kashi 0.2 cikin 100, kuma cika taya daidai yana gyara shan mai da kashi 0.6 a matsakaici, wani lokaci har kashi 3.

Bari mu buga lissafi da mota ɗaya. A ce an tsara mata PSI 35, amma tayoyinta huɗu suna kan 28. Ragin 7 ke nan, wato asarar kusan kashi 1.4 cikin 100. Matsakaiciyar mota a Amurka tana shan galan 500 da ɗoriya a shekara, tana fitar da kimanin tan 4.6 na iskar kabon. Asarar mai wannan mota za ta kama galan 7, kusan lita 26, da kilo 60 da 'yan kai na iskar kabon a shekara. Ka ga ba wani abin a-zo-a-gani ba ne. Wanda ya ce maka cika taya zai raba kuɗin manka biyu, ya faɗi son ransa.

Inda abin ke zama babba shi ne yawan motocin. Kalifoniya tana da motoci miliyoyi masu yawa, kuma sufuri shi ne ɓangaren da ya fi kowanne fitar da iskar kabon a jihar. Tun a 2001 wani binciken hukumar kiyaye haɗurra ta tarayya, NHTSA, ya gano cewa kashi 27 cikin 100 na ƙananan motoci, da kashi 32 na jif-jif da a-kori-kura, suna yawo da aƙalla taya ɗaya da iskarta ta gaza da PSI 8 ko fiye. Lokacin da CARB ta amince da dokar, ta yi hasashen cewa kowace shekara za a rage shan mai da galan miliyan 75, a rage iskar kabon da tan 700,000, sannan a ƙara wa matsakaiciyar taya tsawon rai da mil 4,700. Idan ka ninka galan miliyan 75 da kilo 8.9 za ka ga alƙaluman biyu sun yi kusa da juna, ba daga sama aka tsinko su ba. Tan 700,000 ya yi daidai da abin da motoci kimanin 150,000 ke fitarwa a shekara. A ɗaya ɓangaren kuma, a jihar da a lokacin take fitar da fiye da tan miliyan 400 a shekara, wannan bai kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari ba. Duka biyun gaskiya ne. Kuma ka riƙe cewa waɗannan alƙaluma hasashe ne da aka yi kafin dokar ta fara aiki, a lokacin da yawancin motocin da ke kan titi ba su da fitilar da kake magana a kai.

Abin da ya sa nake ganin dokar tana da ma'ana duk da ƙanƙantar ribar shi ne arharta. Motar ta riga ta zo gareji, injin iska yana nan, geji yana aljihun bakanike, aikin 'yan mintuna ne. Ba a ce kowa ya sayi sabon abu ba, ba a ce a canja mota ba. Yawancin hanyoyin rage iskar kabon sai an kashe kuɗi masu kauri kafin a rage tan ɗaya, wannan kuwa mai motar ma riba yake samu, a mai da kuma a taya. Ni a wurina ribar tayar ta fi ta man girma. Tayar da ke yawo da ƙarancin iska kafaɗunta biyu ke cinyewa tsakiyarta na nan da sauran zane, sai a jefar da ita kwananta bai ƙare ba. Ƙera sabuwa kuma shi ma da nasa makamashin da hayaƙin.

To fitilar da ke dashbod fa?

Wannan fitila tana da tarihinta, kuma tarihin ne zai nuna maka iyakarta. A watan Agusta na 2000 kamfanin Firestone ya janye tayoyi miliyan 6.5 daga kasuwa bayan haɗurran da suka ci rayuka, yawancinsu a motar Ford Explorer, inda fatar tayar ke ɓarewa ana cikin gudu. Batun iska ya shiga cikin gardamar da ta biyo baya, domin Ford ya ba da shawarar PSI 26, Firestone kuma ya ce 30 ya fi dacewa. A wannan shekarar majalisar dokokin Amurka ta yi dokar da ake kira TREAD, wadda daga gare ta ne aka wajabta cewa duk sabuwar ƙaramar mota daga 1 ga Satumba, 2007 ta zo da na'urar lura da iskar taya. Tarayyar Turai ita ma ta wajabta wa duk sababbin motoci daga Nuwamba 2014.

Ka lura, don kare rai aka wajabta ta a Amurka, ba don tsimin mai ba. Ƙa'idar Amurka ta ce fitilar ta kama idan iska ta ragu da kashi 25 cikin 100 daga abin da aka tsara. A motar da ke son 35, hakan yana nufin sai iska ta sauka zuwa wajen 26. Motar da muka yi lissafi da ita ɗazu, mai tayoyi a kan 28, dashbod ɗinta shiru yake, direbanta kuma hankalinsa kwance. A bakin aiki na ga wannan fiye da a ƙirga: ka ce wa mutum tayarsa ta yi ƙasa, ya ce ai fitila ba ta kama ba. Da can mutane kan ɗan duba lokaci-lokaci, yanzu da yawa sun miƙa wa fitila aikin gaba ɗaya. Tsakanin 35 da 26 akwai fili mai faɗi da mota za ta yi watanni a ciki tana shan mai tana cin taya, kuma wannan filin ne dokar gareji take nufin rufewa.

Ido ma ba ya taimako a nan. Tayoyin zamani ko sun cika sukan ɗan yi ciki a ƙasa, kuma taya mai 35 da mai 27 kusan kamarsu ɗaya ga mai kallo. Dukan taya da ƙafa ko matsa ta da babban yatsa ba awo ba ne. Ga kuma wasu motocin da na'urarsu ba ta auna iska kai tsaye, saurin juyawar tayoyi take kwatantawa ta hanyar na'urar birki, irin waɗannan sai an sake saita su duk lokacin da aka cika iska. Masu auna iskar kai tsaye kuma suna da ɗan batir a cikin taya wanda ke mutuwa bayan wasu shekaru, kuma mutane da yawa idan ya mutu sai su saba da fitilar a kunne, su daina kallonta.

Inda gizo ke saƙa

Raunin dokar na farko lokaci ne. Taya lafiyayya, babu ƙusa babu komai, tana zubar da kimanin PSI ɗaya a wata, domin iska tana ratsa roba a hankali. Yanayi ma yana taɓa ta: duk saukar zafi da digiri 10 a ma'aunin Farenhait, wato kusan digiri 5 da rabi a Salshiyos, yana rage kusan PSI ɗaya. Mota kuwa sau nawa take zuwa gareji? A da ana juye duk mil 3,000. Yanzu da baƙin mai na zamani motoci da yawa suna yin mil 7,500 zuwa 10,000 kafin su nemi juye. Ke nan mota na iya yin wata shida ko fiye bakanike bai gan ta ba, ta bar gareji a cike ta dawo da ragin 5 ko 6. Dokar tana rage zurfin faɗuwar, amma ba ta hana ta. Motocin lantarki sun ƙara fito da wannan giɓi: ba sa juye, ba kasafai suke zuwa gareji ba, ga su da nauyi saboda batir, kuma ƙarancin iska yana rage musu nisan tafiya kamar yadda yake ƙara wa mai fetur shan mai.

Na biyu zafin taya ne, kuma a nan ake gane bakaniken da ya san aikinsa. Adadin da kamfanin mota ya rubuta na taya mai sanyi ne, wato wadda ta huta aƙalla awa uku ko ba ta yi tafiyar da ta wuce mil ɗaya ba. Motar da ta shigo wurin juye daga babbar hanya tayoyinta da zafi suke, gejin zai nuna ƙarin PSI 4 ko fiye a kan gaskiyar abin da ke ciki. Idan yaron gareji ya ga 38 a motar da ke son 35 ya sauke ta zuwa 35, gobe da safe za ta wayi gari a 31. Ya cika sharaɗin rasit, amma ya bar motar a halin da ya fi na da muni. Ƙa'idar da nake koya wa duk wanda ya yi aiki a ƙarƙashina ita ce, ba a rage iskar taya mai zafi. Idan ta gaza a ƙara, idan ta ɗan haura a bar ta, a gaya wa mai motar ya sake aunawa da safe.

Na uku shi ne wace lamba ake bi. A gefen kowace taya akwai lamba, sau da yawa 44 ko 51, kuma mutane da yawa, har da wasu masu sana'ar, suna ɗauka ita ce abin da za a hura. Wannan lamba iyakar abin da tayar za ta iya ɗauka ce. Adadin da motarka ke so yana kan wata 'yar takarda da aka manna a jikin ƙofar direba, wurin da ƙofar ke rufuwa, kuma yana cikin littafin motar. A wasu motocin na gaba da na baya ba ɗaya ba ne. Wanda ya hura har iyaka da sunan tsimin mai zai ɗan samu tsimin, amma tsakiyar tayar za ta cinye, motar ta riƙa tsalle, riƙon kwalta kuma ya canja daga yadda aka tsara shi. Sharaɗin nan na cewa gareji ya mallaki littafin iskar motoci, wannan matsala yake magancewa, kuma a ganina yana cikin mafi amfanin abin da ke cikin dokar.

Sai geji. Kuskuren PSI 2 da aka yarda da shi ba kaɗan ba ne idan ka tuna cewa duk ribar da ake nema tana cikin PSI 3 zuwa 7 ne. Gejin da ke manne a bakin tiyon iska, wanda ke faɗuwa ƙasa kullum ana taka shi, yakan kauce fiye da haka ba wanda ya sani. Gareji mai kula yakan ajiye geji guda mai kyau wanda ba a aiki da shi, sai don a riƙa gwada sauran da shi.

Na ƙarshe kuma, wanda babu dokar da za ta iya kawar da shi gaba ɗaya, shi ne rubutu ba aiki. Jami'i zai iya duba rasit, amma ba zai iya komawa baya ya ga ko an durƙusa a gaban taya ba. A wurin da ake biyan ma'aikata gwargwadon yawan motocin da suka sallama, akwai jarabar a kwafi lambar da ke jikin ƙofa a zuba a rasit. Ba na cewa haka yawancin gareji suke yi, abin da na gani a wuraren da na yi aiki ba ƙididdigar jiha ba ce. Amma tsarin da ya dogara da wurare dubu arba'in da takarda dole ya dogara da amanar mai riƙe da geji. Duk da haka rubutun yana da amfaninsa: lambar da aka rubuta aka ba ka hujja ce a hannunka, kuma mutum yakan ƙara kula idan ya san abin da ya rubuta ana iya gwada shi washegari.

Batun kuɗi, da abin da ya rage gare ka

A kan zarginka na ƙarin kuɗi, dokar gyaran mota ta Kalifoniya ta wajabta a ba ka ƙiyasin kuɗi a rubuce kafin a fara aiki, kuma ba a ɗora maka ƙari sai da yardarka. Idan ka ga wani caji a rasit da ba ka amince da shi ba, ka tambaya, idan ba a gamsar da kai ba akwai hukumar jiha mai kula da masu gyaran mota da ke karɓar ƙorafi. Ni ba lauya ba ne, a nan iyakata nuna maka ƙofa. Inda na fi ganin ana tatsar mutane shi ne cinikin iskar naitirojin. Iskar da muke shaƙa ma kashi 78 cikin 100 naitirojin ce. Tsantsarta tana ɗan jinkirin fita daga taya, amma bambancin bai kai ya ɗauke maka duba taya ba, kuma idan tayarka mai naitirojin ta yi ƙasa babu laifi a cika ta da iskar yau da kullum. Dokar ta ba mai irin wannan taya damar ƙin a hura masa idan garejin ba shi da naitirojin, amma yawo da taya mai laushi don jiran naitirojin asara ce ninki biyu.

Da ni ake shawara, da na ce a haɗa wannan doka da abin da zai taɓa watannin da mota ba ta gareji. Jihar ta riga tana da dokar da ta wajabta wa gidajen mai su ba wanda ya sayi mai iska da ruwa kyauta, har da geji, kuma mutane da yawa ba su sani ba, suna ta zuba kuɗi a injin iska alhali faɗa wa mai kanti kawai za su yi ya kunna musu. Tabbatar da cewa waɗannan injina suna aiki zai yi tasirin da bai gaza na dokar gareji ba. Haka nan motocin da ke nuna ainihin lambar kowace taya a dashbod sun fi masu fitila kawai amfani nesa ba kusa ba. Akwai kuma zaɓin taya kanta: a Tarayyar Turai tun Nuwamba 2012 ana manna wa sabuwar taya takardar da ke nuna matsayinta wajen shan mai da riƙon jiƙaƙƙiyar hanya da ƙara, don mai saye ya san abin da yake saye. Taya mai sauƙin mirginawa tana ba da tsiminta kowace rana, ko an je gareji ko ba a je ba.

Kai kuma, ka sayi ɗan gejinka ka ajiye a mota. Gobe da safe kafin ka tayar da ita ka auna tayoyin huɗu, ka gwada da takardar jikin ƙofa da kuma abin da aka rubuta maka a rasit. Idan bambancin bai wuce PSI ɗaya ko biyu ba, garejin ya yi aikinsa, ka riƙe shi. Idan ka tarar da ragin 4 ko 5 a dukkansu, mai yiwuwa an sauke su ne suna da zafi. Idan taya ɗaya ce kawai ta yi ƙasa, ka nemi ƙusa ko bawul mai yoyo. Daga nan ka mayar da awon sau ɗaya a wata, da kuma kafin doguwar tafiya ko ɗaukar kaya masu nauyi, da lokacin da sanyi ya fara shigowa. Ka buɗe but ka auna safaya ma, domin a yawancin motoci fitilar ba ta lura da ita, kuma 'yar siririyar nan ta wucin gadi galibi PSI 60 take so.